Layin Mai da Layin Gishiri a Cikin Jikinmu

Duk uwar da ta saba aiken yaro kasuwa ta san kwatance hawa uku ne: layi, rumfa, sai wanda za a tarar a rumfar. In yaro ya tarar da yaron shago a maimakon maigidansa, ba a yi asara ba, kayan dai su ne. In ya saɓa rumfa amma bai fita layin 'yan mai ba, zai dawo da man gyaɗa a madadin manja, miya ta ɗan sauya amma ta ciwu. Ranar da ya saɓa layi ya kawo gishiri, girki ya ɓaci. Da yake kasuwa ta tara masu kaya iri ɗaya wuri guda, yawancin kuskuren yara mai sauƙi ne.

Irin wannan aike ake yi dare da rana cikin ƙwayoyin halittar jikinmu. Saƙon gado yana ajiye a DNA, ana kwafo shi zuwa RNA da haruffa huɗu: A, U, G da C. Ana karanta su uku-uku, kowace kalma mai harafi uku tana kiran amino asid ɗaya, a jera su a sarƙa, su zama furotin. Kalmomin 64 ne: 61 suna kiran amino asid iri 20, uku kuma alamar tsayawa ce. A 1961 Marshall Nirenberg da Heinrich Matthaei suka karanta ta farko a Amurka, suka gano UUU na nufin fenilalanin. Zuwa 1966 an kammala jadawalin kalmomin duka.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne shirin jadawalin. Harafin tsakiya shi ne layi. In U ne, amino asid ɗin mai gudun ruwa ne, ɗan layin mai: falin, lusin, aisolusin, metiyonin, fenilalanin. In A ne, galibi mai son ruwa ne, ɗan layin gishiri, irin su gulutamik asid da laisin. Harafin farko shi ne rumfa: GUU falin ne, CUU lusin, AUU aisolusin, duk 'yan layi ɗaya. Na ƙarshe kuwa sau da yawa bai sauya komai: GUU, GUC, GUA da GUG duk falin ne.

Muhimmancin layi yana ga siffar furotin. Sarƙar ba ta aiki a miƙe, sai ta naɗe. Cikin ruwan ƙwayar halitta, masu gudun ruwa kan dunƙule a ciki, masu son ruwa su tsaya a waje, daga nan siffa ta fito, kuma siffar ce aikin. Christian Anfinsen ya nuna jerin amino asid ɗin ne ke yanke yadda sarƙa za ta naɗe, aka ba shi kyautar Nobel a 1972. Don haka in aka musanya falin da aisolusin, sau da yawa furotin ya ci gaba da aikinsa.

Saɓa layi kuwa mun san zafinsa a gidajenmu. A furotin ɗin himogulobin da ke ɗaukar iska a jini, akwai sarƙa mai amino asid 146. A gurbi na shida, GAG ta koma GUG: harafin tsakiya kaɗai ya sauya, falin mai gudun ruwa ya zauna a waje, inda gulutamik asid ya kamata ya kasance. Idan iska ta yi ƙaranci sai furotin ɗin su manne da juna, ƙwayar jini ta lanƙwashe, ta toshe ƙananan jijiyoyi. Wannan ita ce sikila, wadda Vernon Ingram ya gano musanyar da ke haddasa ta a Kambirij a 1957, kuma Najeriya ce kan gaba a duniya wajen yawan jariran da ake haifa da ita. Wanda ya taɓa kwana a kan yaro mai ciwon ƙashi ba zai raina gwajin jini kafin aure ba.

To yaya aka yi jadawalin ya zauna haka? Bayanan masana sun yi kama da tarihin kasuwa. Ana ganin da amino asid 'yan tsiraru aka fara, irin su gilisin da alanin, waɗanda suka fito a gwajin Stanley Miller na 1953 daga iskoki da ruwa da tartsatsin lantarki. A 1975 Jeffrey Wong ya kawo ra'ayin cewa sabon amino asid kan karɓi kalma kusa da ta wanda aka samo shi daga gare shi, kamar yaron da maigida ya sallama ya buɗe rumfa a gefensa. Gulutamin daga gulutamik asid ake yin sa, kuma kalmominsu, CAG da GAG, harafi ɗaya ya raba su. Wasu masanan sun fi ba da ƙarfi ga rage ɓarna: a 1998 Stephen Freeland da Laurence Hurst suka sa kwamfuta ta haɗa jadawali miliyan ɗaya barkatai, guda ɗaya tak ya fi na halitta sassauta kuskure. Francis Crick kuwa tun 1968 ya ce da zarar tsari ya kafu, sauya shi halaka ne, domin duk saƙonnin da aka riga aka rubuta za su kai ga kayan da ba su ba.

A ganina bayanan ba kishiyoyin juna ba ne: tsarin ya faɗaɗa a hankali, ya tace kansa, sannan ya daskare. Daskarewar ta zame mana rahama. Gero da saniya da mutum da bakteriya, ban da 'yan bambance-bambance kaɗan, jadawali ɗaya suke karantawa. Shi ya sa aka iya saka saƙon insulin na ɗan Adam cikin bakteriya ta karanta shi daidai, kuma tun 1982 masu ciwon suga ke yin allurar insulin da aka samar ta wannan hanya.