Harajin da Ke Bin Ma'aikaci Har Gida Bayan Sallama

A watan Nuwamba na 2022 kamfanin Meta, mai Facebook da WhatsApp, ya sallami ma'aikata 11,000 a lokaci guda. Kafin Janairun 2023 ya ƙare, Amazon ya sanar da rage 18,000, Google 12,000, Microsoft kuma 10,000. Cikin waɗanda guguwar ta kwashe akwai baƙi da yawa masu aiki a Amurka da bizar H-1B, wadda galibin masu riƙe da ita 'yan Indiya ne. Doka ta ba mai irin wannan biza kwana 60 kacal: ko ya sami wani kamfanin da zai ɗauke shi, ko ya sauya nau'in bizarsa, ko ya tattara ya bar ƙasar.

Wanda ke cikin wannan hali hankalinsa na kan sayar da mota, da warware yarjejeniyar haya, da cire yara daga makaranta. Ba kasafai yake tuna haraji ba. Sai ya koma gida, ya huta, wata huɗu ko biyar sun shuɗe, sannan ya gane cewa lissafinsa da hukumar tara haraji ta Amurka, IRS, har yanzu a buɗe yake.

Shekarar haraji a Amurka tana tafiya ne daga Janairu zuwa Disamba, kuma ana miƙa takardun bayanin kuɗin shiga zuwa 15 ga Afrilun shekarar da ke biye. Tambayar farko da ke jiran wanda ya koma gida ita ce: a idon hukumar, shi mazaunin ƙasa ne ko baƙo? Amsar ba ta dogara da fasfo ba, kwanaki ake ƙirgawa. Ana haɗa duk kwanakin da mutum ya yi a ƙasar a bana, da kashi ɗaya bisa uku na bara, da kashi ɗaya bisa shida na bara waccan. Idan jimlar ta kai 183, kuma ya yi aƙalla kwana 31 a bana, to mazauni ne.

A ɗauka injiniya ne ya shekara uku a Kalifoniya, ya tashi a ƙarshen Maris. Kwana 90 kawai ya yi a wannan shekarar, amma da an ƙara masa na shekaru biyun baya, lissafinsa ya haura 270. Ga kuma inda gizo ke saƙar: Amurka tana karɓar haraji daga mazauninta a kan duk abin da ya samu a ko'ina cikin duniya. Idan bai rubuta wa hukumar bayanin da ke tabbatar da ranar tafiyarsa da cewa zamansa ya koma wata ƙasa ba, ana iya ɗaukarsa mazauni har 31 ga Disamba. Albashin da ya fara karɓa a Bangalor ko Legas a watan Yuni sai ya faɗa cikin lissafin Amurka. Idan kuwa ya raba shekarar gida biyu, rabi mazauni rabi baƙo, to ya rasa rangwamen bai-ɗaya da ake cire wa kowa kafin a yanka haraji, kuma bisa ƙa'ida ba zai haɗa takarda ɗaya da matarsa ba.

Kuɗin sallama ma albashi ne a wurin hukumar, kuma kamfanoni kan cire kashi 22 cikin ɗari na gwamnatin tarayya tun kafin ya shiga asusu. Hannun jarin da kamfani ya yi wa ma'aikaci alkawari, idan ya nuna bayan ya tafi, kason da ya samo asali daga aikin da aka yi a Amurka yana nan da harajinsa. Jihohi kuma kowace da tsarinta: Kalifoniya na karɓar nata, Texas ba ta karɓar komai a kan albashi.

Inda aka fi tafka asara shi ne asusun ajiyar ritaya da ake kira 401(k). Mutumin da ya dawo gida ba aiki, ga 'yan uwa sun zuba masa ido, abu na farko da zai faɗo masa shi ne ya kwashe kuɗin. Amma wanda ya cire kafin ya kai shekara 59 da rabi zai biya tarar kashi 10 cikin ɗari a kan harajin da ya hau kuɗin, kuma idan ya riga ya zama baƙo, ana riƙe kashi 30 tun daga tushe, sai fa in akwai yarjejeniyar haraji da ta sassauta. Indiya na da yarjejeniyar haraji da Amurka. Nijeriya ba ta da ita.

Akwai kuma kashi 7.65 cikin ɗari da ake zare wa ma'aikaci kowane wata don fanshon gwamnati da kiwon lafiyar tsofaffi. Sai mutum ya yi kimanin shekara 10 yana biya kafin ya cancanci fanshon. Wanda aka sallama bayan shekara shida ya bar wannan kuɗi ke nan, ba mai mayar masa. Wannan rashin adalci ne a fili, domin ƙasar da ta karɓi kuɗin ita ce ta ba shi kwana 60 ya fice.

Duk da haka, sau da yawa ma'aikacin ne ke bin hukuma bashi. Ana cire haraji kowane wata kamar mutum zai cika shekara yana aiki, don haka wanda ya tsaya a tsakiya an cire masa fiye da kima. Rarar ba ta zuwa da kanta, sai an nema, kuma bayan shekara uku haƙƙin ya faɗi. IRS kuwa asusun bankin Amurka take zuba wa kuɗi kai tsaye. Wanda ya rufe asusunsa, ya yar da layin wayar da ake turo masa lambar shiga shafin kamfani, zai sha wuya kafin ya ga takardar W-2 mai bayanin albashinsa, wadda ake fitarwa a ƙarshen Janairu. Wanda ake bi bashi kuma ya yi shiru, tarar rashin miƙa takarda kashi 5 ce cikin ɗari duk wata, har ta kai 25, kuma tarihin zai iya taso masa ranar da ya nemi komawa.

A Birtaniya, inda 'yan Nijeriya da dama suka tafi aikin kula da tsofaffi da marasa lafiya, wasu sun tsinci kansu ba aiki bayan an soke lasisin kamfanonin da suka kai su. Su ma kwana 60 ake ba su. Shekarar haraji a can tana farawa 6 ga Afrilu ta ƙare 5 ga Afrilu, kuma fam 12,570 na farko ba a yanka masa haraji, sai dai ana rarraba rangwamen ne wata-wata. Wadda ta bar aiki a Satumba rabin rangwamenta kawai ta mora. Takardar P45 daga wurin aiki da fom ɗin P85 zuwa hukumar harajin ƙasar, HMRC, su ne hanyar karɓo ragowar, cikin shekara huɗu. Fam 30,000 na farko na diyyar rage ma'aikata ma ba shi da haraji.

Gida kuma na da nasa lissafin. A Nijeriya hukumar harajin jihar da mutum ke zaune ce ke karɓar harajin ɗaiɗaikun mutane, ana miƙa bayani zuwa 31 ga Maris. Sabuwar dokar haraji da aka sa wa hannu a Yunin 2025, ta fara aiki a Janairun 2026, ta ɗora wa mazaunin ƙasa haraji a kan abin da ya samu a ciki da waje. Wanda ya dawo daga Landan yana da garkuwar yarjejeniyar 1987 tsakanin ƙasashen biyu, wadda ta hana a yanki kuɗi ɗaya sau biyu. Amma jami'in haraji a Kano ko Kaduna ba zai rage masa ko kwabo da fatar baki ba, sai ya ga shaidar abin da aka biya a can. Shi ya sa takardun albashi na ƙarshe, da wasiƙar sallama, da tikitin jirgin da ke nuna ranar tashi suka cancanci shiga jakar hannu ɗaya da fasfo.