Rini ba da baba ba: yadda ake sauya launin wani sashe na hoto

Garin Matameye, wanda shi ne babban garin gundumar Kance a jihar Damagaram, yana kan hanyar da ta taso daga Takeita ta nufi iyakar Najeriya ta Ɗan Barto, daga nan ta zarce Daura da Kano, kuma kamar sauran garuruwan ƙasar Hausa, aikin mai ɗaukar hoto a cikinsa ya daina ƙarewa da danna kyamara. Ana buƙatar farin bango a bayan hoton katin shaida ko da an ɗauke shi jikin katangar ƙasa, ana so ɗankwalin da ya saɓa wa ankon biki ya dace da na sauran ƙawayen amarya, kuma ɗan kasuwa yana son nuna shadda guda cikin launi biyar ba tare da ya ɗauki hoto biyar ba. Dukan waɗannan aiki ɗaya ne, wato sauya launin wani sashe na hoto a bar saura yadda yake.

Hoton kwamfuta ko na waya tarin ƙananan ɗigogi ne da ake kira fiksel, kuma kowane ɗigo yana ɗauke da lambobi uku masu nuna yawan hasken ja da kore da shuɗi da ke cikinsa, kowace lamba tana kamawa daga 0 zuwa 255, abin da ke ba da launuka 16,777,216. Mai kawo aiki kuwa ba ya magana da lamba, domin Bahaushe yakan ambaci launi da abin da ya sani, ya ce ruwan goro ko ruwan ɗorawa ko ruwan toka ko makuba, sai ya zama wajibi mai gyaran hoto ya yi tafinta tsakanin harshen kasuwa da lissafin na'ura. Saboda haka manhajojin gyara suke raba launi gida uku da suka fi kusa da yadda ido ke gani: jinsin launi, wanda ake jerawa a kan da'ira mai digiri 360, da cizawarsa, wato ko ya kama sosai ko ya koɗe, da kuma haskensa ko duhunsa.

Sirrin aikin yana cikin wannan rabo. Idan aka shafe riga da launi guda, sai ta koma tamkar takardar da aka liƙa, domin karin guga da inuwar hammata da ƙyallin bugu duk suna cikin haske ne, ba cikin jinsin launi ba. Gwani yakan juya jinsin kawai ya ƙyale hasken, ta yadda shuɗiyar shadda za ta koma koriya amma ninkinta da sheƙinta su tsaya daram. Farin yadi da baƙi ba sa karɓar wannan dabara, tunda ba su da jinsin da za a juya, kuma dole ne a zuba musu sabon launi sannan a rage hasken fari ko a ɗaga na baƙi, abin da ya sa farar babbar riga, wadda ake zaton ita ce mafi sauƙi, takan fi cin lokaci.

Abin da ya fi wuya shi ne iyaka, kuma marinan karofin Ƙofar Mata a Kano sun daɗe da saninsa, domin mai ɗaurin zane yakan ƙulle wuraren da ba ya so baba ya taɓa kafin a tsoma, kamar yadda mai ƙunshi ke rufe fata inda ba ta son lalle ya kama. A manhaja, wannan ɗauri shi ne shamaki, wani falle da ake ɗorawa bisa hoto, inda fari ke barin gyara ya ratsa, baƙi ya tare shi, ruwan toka kuma ya bar shi ya shiga rabi. Akwai ma'auni mai tattara ɗigogi masu kama da wanda aka taɓa, sai dai idan aka sassauta shi yakan haɗa jan ɗankwali da leɓe da fatar goshi, tunda fatar ɗan Adam, fara ce ko baƙa, tana zaune ne tsakanin ja da ruwan lemo. Idan kuma aka matse shi, sai wani siririn zare na tsohon launi ya rage a bakin yadi, wanda shi ne abin da ke tona asirin gyaran gaggawa. Mayafi shara-shara da leshi da gashi su ne manyan masu wahalarwa, haka nan launin da riga ke jefawa a ƙarƙashin haɓa, wanda sau da yawa akan manta da shi, a ga mace sanye da kore amma wuyanta na hasken ja.

Kayan aikin ba su daɗe ba. Ƴan'uwa biyu, Thomas da John Knoll, su ne suka ƙirƙiri Photoshop, wadda kamfanin Adobe ya fitar a 1990, aka ƙara mata fallaye a 1994, sannan a 1996 aka kawo fallen gyara, mai ba da damar sauya launi ba tare da an ɓata hoton asali ba. A 1996 ɗin ne GIMP, wadda kyauta ce, ta fito daga hannun ɗalibai biyu na jami'ar Berkeley a Amurka. Yau manhajojin waya irin su Snapseed da PicsArt suna yin kusan duk wannan da ɗan yatsa, wasu ma suna gane riga ko sararin sama da kansu, ko da yake ƙanƙantar gilashin waya na ɓoye kurakuran da ke fitowa ƙarara idan aka buga hoton da girma.

Bugun ma yana da nasa hukunci, domin gilashi na haɗa launi da haske, takarda kuwa da tawada huɗu, shuɗi-shuɗi da ja-ja da rawaya da baƙi, waɗanda ba sa iya kai wa ga wasu launuka masu kaifi. Ruwan lemo da kore, biyu daga cikin launukan tutar Nijar ke nan, suna cikin masu dusashewa, shi ya sa mai hankali yakan buga ƙaramin gwaji kafin ya sa injin ya ci takarda.

Akwai kuma inda rini ke zama ƙarya. A watan Yunin 1994 mujallar Time ta Amurka ta ƙara duhun fuskar wani fitaccen Ba'amurke, O. J. Simpson, a bangonta, aka yi mata ca, musamman da mujallar Newsweek ta buga wannan hoto ba tare da ta sauya shi ba. A ƙasar Hausa abin yakan bi ta ɗaya gefen ne, inda ake haskaka fatar amarya har danginta su yi jim kafin su gane ta, kuma a shaddar da aka tallata ta WhatsApp cikin launin da babu shi a shago, mai saye ba ya gane bambancin sai an kwance ƙunshin a gabansa.