Sojan ƙafa da aka raɗa masa sunan jariri

Wani ɗalibi a unguwar Hausawa ta New Bell, a Duwala, ya tambaye ni ma'anar kalmar Ingilishi infantry. Amsar gajeriya ce: sojojin da ke yaƙi a ƙafa. Amma asalinta ne ya ba ni mamaki. Daga Latin ta fito, inda infans ke nufin jaririn da bai fara magana ba. Italiyawa suka riƙa kiran samarin da ke bin mahaya dawaki a ƙasa da wannan suna, Faransawa suka ara suka ce infanterie, Ingilishi ya karɓa. Wato wanda ya fi kowa shan rana da harsashi, shi ake kira yaro!

Kalmar sunan runduna ce gaba ɗaya, ba a kiran mutum guda da ita.

Mu kuwa muna da tamu tun zamanin yaƙin kwari da baka: dakare, jam'insa dakaru, kishiyar barade masu dawaki. Yau gidajen rediyo kan ce dakaru ga kowane soja, har na sama da na ruwa, kuma ina jin takaicin yadda bambancin ke ɓacewa.

New Bell kanta tana da alaƙa da wannan labari. A 1914 Jamusawa suka tashi mutanen Duwala daga bakin kogin Wuri suka tura su nan, suka kuma rataye sarkinsu Rudolf Duala Manga Bell ranar 8 ga Agusta. Ba a yi wata biyu ba, ranar 27 ga Satumba, garin ya faɗa hannun Ingila da Faransa. Yawancin mayaƙan da suka sauka a garin sojojin ƙafa ne baƙar fata, kuma na Nijeriya da Hausa ake ba su umarni.

Ba a banza ba: rundunar Nijeriya ta samo tushe ne daga 'yan tsirarun masu jin Hausa da wani Bature mai suna Glover ya tara a Legas a 1863. Daga wannan zama da Turawa muka gaji kalmomin kofur, saje, samanja da bariki. Makarantar horar da sojojin ƙafa kuwa tana Jaji, tsakanin Kaduna da Zariya.

Mai karatu, in ka ga infantry a jarida, ka fassara ta da dakaru.