Inda sabis ke ɗaukewa: abin da waya ke iya yi wa matafiyi a filayen tsakiyar Amurka

A tsakiyar Amurka akwai wasu filayen ciyawa masu tudu da ake kira High Plains, waɗanda suka ratsa yammacin Kansas da Nebraska, gabashin Kolorado, da yankunan Oklahoma da Teksas. Gonakin alkama ne da makiyayar shanu iya ganin ido, garuruwa kuma jefi-jefi. Da sanyi ya fara ja da baya a watan Maris, masu yawon buɗe ido kan loda tanti a mota su nufi wurin. Wasu don kallon tsuntsaye dangin gauraka fiye da rabin miliyan da ke sauka a kogin Platte na Nebraska, wasu kuma don kwana a dazukan gwamnati irin su Pawnee da Comanche a Kolorado, ko Cimarron a Kansas.

Sai dai lokacin yana da haɗari. A ranar 14 ga Maris 2025, guguwar ƙura ta rufe babban titin I-70 a yammacin Kansas, motoci fiye da 70 suka yi karo, mutum 8 suka mutu. A Maris 2019 kuwa dusar ƙanƙara ce ta maƙalar da direbobi masu yawa a titunan Kolorado. A irin wannan wuri, shirin da aka yi wa waya tun daga gida shi ne abin dogaro.

Taswira ba ta buƙatar data

Mutane da yawa sun ɗauka GPS da data yake aiki. Ba haka ba ne. Waya tana karɓar sigina ne kai tsaye daga taurarin ɗan'adam ta lissafa inda take. Abin da ke cin data shi ne sauko da hoton taswirar. Shi ya sa ake sauke taswirar yankin a Google Maps tun ana kan Wi-Fi, a ƙara da Organic Maps ko OsmAnd, masu amfani da bayanan OpenStreetMap. Hukumar gandun dajin Amurka ma tana da taswirorin da ke nuna hanyoyin da aka yarda mota ta bi, ana buɗe su kyauta a manhajar Avenza Maps.

Abin da taswirar ba za ta faɗa ba shi ne halin da hanya ke ciki a ranar. Hanyoyin ƙasa na yankin kan koma laka mai danƙo idan ƙanƙara ta narke, alhali manhaja na nuna su a matsayin gajeriyar hanya.

Sanyi da batir

Da daddare sanyi kan sauka ƙasa da digiri 0. Apple ya ce an ƙera iPhone don aiki tsakanin digiri 0 zuwa 35 na Salshiyas. Ƙasa da haka sinadaran batirin litiyam suna yin nauyi, waya ta mutu alhali da sauran caji. Yi wa batir caji yana daskare ya fi muni, domin lahanin da yake yi ba ya gyaruwa. Masu kwana a tanti kan sa waya da fawa bank cikin bargo kusa da jiki, sai sun ɗumama a jona su.

Akwai kuma lissafi. Fawa bank mai 20,000mAh ba zai cika waya mai 5,000mAh sau huɗu ba, saboda wutar da ke zurarewa wajen sauya ƙarfin lantarki. Sau uku ya fi kusa da gaskiya. Sannan waya na shan batir sosai idan tana laluben sabis inda babu turke. Sa ta a yanayin jirgin sama yana hana hakan, GPS kuma ya ci gaba da aiki.

Neman agaji ba tare da sabis ba

Tun Nuwamba 2022, iPhone 14 da na bayanta suna iya tura saƙon gaggawa ta tauraron ɗan'adam na kamfanin Globalstar. Google ya kawo irinsa a Pixel 9 a 2024. Na'urar Garmin inReach kuwa tana amfani da taurarin Iridium guda 66, amma sai da biyan kuɗin rajista. Dukkansu suna son sararin sama a buɗe, abin da filayen nan suke da shi a wadace.

Gargaɗin guguwa da ke shigowa waya galibi ta turken sadarwa yake bi, don haka inda babu sabis, ba lallai gargaɗi ya iso ba. Nan ne ƙaramin rediyo ke nuna amfaninsa: hukumar NOAA tana watsa rahoton yanayi dare da rana tsakanin mita 162.400 zuwa 162.550 MHz.

Sauran shirin ba na manhaja ba ne. Ana cika tanki a duk gidan man da aka samu, a ɗauki ruwa mai yawa, a sanar da wani a gida hanyar da za a bi da ranar dawowa. Idan ƙura ta rufe titi, shawarar hukumar hasashen yanayi ita ce direba ya sauka daga kwalta gaba ɗaya, ya kashe fitilu, ya ɗauke ƙafa daga birki, don kada na baya su bi haskensa su afka masa.