Yadda Ake Kimanta Samun Gidaje a Gundumomin Amurka

Ƙasar Amurka tana da gundumomi sama da 3,100, waɗanda matsayinsu ya yi kusa da na ƙananan hukumomi a nan Nijeriya. Kowace shekara Hukumar Ƙidaya ta ƙasar takan fitar da adadin da ke nuna samun kuɗin gidaje a kowace gunduma. Wannan adadi kimantawa ce, domin ba a bi gida gida an tambayi kowa ba. Saboda haka a kullum akan buga shi tare da wani adadi na biyu, watau tazarar kuskure, wanda jama'a da yawa sukan tsallake in suna karatu.

Samun Gidan Tsakiya

Idan aka jera gidajen gunduma daga mafi ƙarancin samu zuwa mafi yawa, gidan da ya faɗo a tsakiyar layi shi ne ma'auni. Rabin gidaje suna samun abin da ya fi nasa, rabi kuma ba su kai shi ba. Alal misali, a ce ga gidaje biyar masu samun dala 30,000 da 40,000 da 50,000 da 60,000 da 820,000 a shekara. In aka tara kuɗin aka raba biyar, kowane gida zai tashi da dala 200,000, alhali huɗu daga cikinsu ba su taɓa ganin ko rabin wannan ba. Gidan tsakiya kuwa dala 50,000 yake samu. Attajiri guda ba ya iya jan wannan ma'auni sama, shi ya sa aka fi amincewa da shi.

Daga Ina Kuskuren Yake Fitowa?

Mai sayen hatsi ba ya zazzage buhu. Yakan cusa hannu ya ɗebo kaɗan ya duba. Haka Hukumar Ƙidaya take yi da binciken da ake kira ACS a taƙaice, wanda ya fara aiki sosai a 2005, kuma yakan tuntuɓi gidaje wajen miliyan 3.5 a shekara. Amma da wasu gidaje dabam ƙuri'a ta faɗa wa, da amsar ta ɗan bambanta. Girman wannan bambanci shi ne tazarar kuskure take nunawa.

Hukumar takan auna tazarar bisa tabbaci na kashi 90 cikin 100. Ma'anarsa ita ce, da za a maimaita binciken sau 100, to, kimanin sau 90 adadin gaskiya zai kasance cikin iyakokin da aka bayar. A ce wata gunduma an rubuta mata dala 55,000 da tazarar 4,000, watau tsakanin 51,000 da 59,000. Maƙwabciyarta kuma an rubuta mata 57,000 da tazarar 5,000, watau tsakanin 52,000 da 62,000. Wanda ya ce ta biyu ta fi ta farko arziki ya yi gaggawa, domin ratar dala 2,000 da ke tsakaninsu ta nutse cikin tazarar. Irin wannan gaggawa ce ake yawan gani a jerin da jaridu sukan buga na gundumomi mafi wadata da mafi talauci.

Rage tazarar kuwa yana da tsada. Domin a mai da ita rabi, sai an ninka yawan gidajen da ake tambaya har sau huɗu.

Ƙananan Gundumomi

A nan ne wahalar take. Gundumar Los Anjeles tana da mutane wajen miliyan 10, ita kuwa gundumar Loving ta jihar Teksas mutum 64 aka ƙirga a cikinta a ƙidayar 2020. Hukumar ba ta fitar da adadin shekara guda daga ACS sai ga wurin da ke da mutane 65,000 ko fiye. Sauran gundumomi, waɗanda su ne mafi yawa, sai a haɗa musu amsoshin shekara biyar bayan an daidaita su da tashin farashi. Tazara takan ragu, amma fa adadin ba hoton wata shekara guda ba ne. Masana'antar da aka rufe bara ba za ta fito sarai a cikinsa ba.

Har ila yau akwai wani shiri mai suna SAIPE, wanda yake haɗa sakamakon binciken da bayanan haraji da sauran bayanan gwamnati, ya fitar da adadin shekara shekara ga kowace gunduma. Daga wannan shiri ne ake samun yawan yaran gidajen talakawa, wanda da shi gwamnatin tarayya take raba tallafin makarantu bisa dokar ilmi ta 1965.

Ya kamata mai karatu ya lura cewa tazarar kuskure ba ta ɗauke da kowane irin kuskure. Magidancin da ya rage samunsa don tsoron haraji, da wanda ya manta, da wanda ya ƙi amsawa, duk ba su cikin lissafinta. Wannan matsala ta fi tsanani inda yawancin mutane manoma ne da 'yan kasuwa marasa albashi. Binciken yanayin rayuwa da Hukumar Ƙididdiga ta Nijeriya ta yi a 2018 zuwa 2019 ya auna talauci da abin da gida yake kashewa, kuma gidaje wajen 22,000 da aka tambaya sun isa a yi magana a kan jihohi, amma ba a kan ƙananan hukumomi 774 ɗaya bayan ɗaya ba.