Suna ɗaya, hannu barkatai: yadda asirin ƙwace gidaje ya tonu a Amurka

A shekarar 2008 wani banki ya maka Lynn Szymoniak, lauya a jihar Florida, a kotu yana neman a ƙwace gidanta saboda bashin jingina. Da aka nemi takardar da ke nuna bashin nasa ne, sai bankin ya ce ta ɓace. Bayan fiye da shekara, kwatsam sai ga takarda ta bayyana. Szymoniak, wadda binciken zamba ne sana'arta, ta zauna ta karanta ta layi-layi. Kwanan watan da ke jiki ya nuna bankin ya mallaki bashin ne watanni bayan ya shigar da ƙara. To da wane hurumi ya shigar da ita tun farko?

Daga nan ta koma kan sa hannun. Wata mata ce ta rattaba hannu a matsayin mataimakiyar shugaban banki. Szymoniak ta shiga tono dubban takardu irin wannan a rumbunan ajiyar gundumomi, sai ta yi ta cin karo da sunan nan. A wannan takarda matar mataimakiyar shugaban wannan banki ce, a waccan kuma ta wani bankin daban, har bankuna sama da 20. Rubutun ma bai zo ɗaya ba: wani a miƙe, wani a karkace, wani ko karantuwa ba ya yi.

Tambayar farko ita ce, me zai sa banki mai gaskiya ya rasa takardar bashinsa? Amsar tana cikin yadda aka riƙa cinikin bashi kafin rikicin tattalin arziki na 2008. Bankin da ya ba ka rance ba ya riƙe shi. Sayar da shi yake yi, mai saye ya haɗa shi da dubban wasu ya sake sayarwa ga masu zuba jari. Bisa al'ada, duk lokacin da jingina ta sauya hannu ana rubutawa a ofishin gunduma, a biya kuɗin rajista. Don guje wa wannan, manyan masu harkar suka kafa rajistar kansu ta kwamfuta mai suna MERS a shekarun 1990. Ciniki ya yi sauri, takardu kuwa suka zama saniyar ware. Da farashin gidaje ya faɗi, miliyoyin mutane suka kasa biya, sai ga bankuna a gaban alƙalai babu cikakkiyar hujja.

Tambaya ta biyu: wa ke samar da takardun da aka ce sun ɓace? Sawun ya kai ga wani kamfani mai suna DocX a garin Alpharetta na jihar Georgia. A can ma'aikata kan zauna gefen teburi, a jibge musu takardu, su yi ta sa hannu da sunan wasu, ɗaruruwa a cikin awa guda. An zaɓi sunan matar nan ne don gajere ne, yana da saurin rubutawa. Ita kanta ba ta taɓa zama mataimakiyar shugaban banki ba. Shugabar kamfanin, Lorraine Brown, ta amsa laifi a 2012 kan takardu fiye da miliyan 1, aka yanke mata shekara 5 a gidan yari.

Saura a san ko ɓarnar ta tsaya a kamfani ɗaya. A watan Yunin 2010 wani lauya a jihar Maine, Thomas Cox, ya titsiye Jeffrey Stephan, ma'aikacin kamfanin ba da rancen gidaje na GMAC, da tambayoyi bisa rantsuwa. Stephan ya yarda cewa yana sa hannu a takardun rantsuwa ba tare da ya duba abin da suka ƙunsa ba, kuma ba a gaban jami'in da ke buga hatimin shaida ba. Tun kafin nan ya faɗa a wata shari'a cewa takardun kan kai 10,000 a wata. Ramin ƙarya ƙurarre ne: a watan Satumba GMAC ya dakatar da korar mutane a jihohi 23, a Oktoba Bank of America ya dakatar a dukkan jihohi 50. A Janairun 2011 kotun ƙoli ta jihar Massachusetts ta soke ƙwace wasu gidaje biyu saboda bankunan sun kasa nuna cewa jinginar tana hannunsu lokacin da suka yi gwanjon.

A Fabrairun 2012 manyan bankuna 5 suka amince da sulhun dala biliyan 25 da gwamnatin tarayya da jihohi 49. Amma tara ba ta toshe kafa, doka ce ke toshewa. A jihar Nevada, daga Oktoban 2011 duk mai son ƙwace gida sai ya rantse cewa yana da hurumi, ya lissafa hannayen da bashin ya bi, ƙarya kuma ta zama babban laifi. Nan take sanarwar ƙwace gidaje ta ragu ƙwarai. A Kalifoniya, Gwamna Jerry Brown ya sa hannu a 2012 kan dokar kare masu gidaje da Kamala Harris, babbar lauyar jihar a lokacin, ta tsaya wa. Dokar ta hana banki ci gaba da shirin gwanjo alhali yana duba buƙatar mai gida ta sassauta biya, ta wajabta a ba shi takamaiman wanda zai riƙa tuntuɓa, ta kuma sa tarar da ta kai dala 7,500 kan kowane rance ga mai yawan shigar da takardun da bai tantance ba.

Bankuna sun yi ta cewa ai galibin mutanen nan sun kasa biya. Gaskiya ne, kuma waɗannan dokoki ba su yafe wa kowa bashi ba. Sai dai kasa biya bai ba kowane mai hatimi ikon fitar da iyali titi ba. Wanda ya ce yana bin ka, shi zai kawo hujja, da sunansa na gaskiya, a inda kowa zai iya dubawa. Kai kuma mai karatu, duk ranar da ka jinginar da gida ko fili, ka adana kwafin kowace takarda, kuma kada ka miƙa makulli sai ka ga shaidar mai nema.