WAIWAYE ADON TAFIYA: TAKARDUN DA RUWA YA RAGE MINI A BULABULIN

Duk wanda ya kwana a Maiduguri a daren 9 ga watan Satumba, 2024, ba ya bukatar a ba shi labarin abin da gari ya waye da shi. Madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, kogin Ngadda ya tumbatsa, ruwa ya mamaye Gwange da Bulabulin da gidan waya da babbar kasuwa, har ya kai fadar Mai Martaba Shehun Barno. Rabon da birnin ya ga irin wannan ambaliya tun 1994, watau shekara 30 ke nan.

Da ruwa ya janye na koma gidanmu a Bulabulin, na tarar da akwatin ƙarfen da na ke ajiya ciki ya cika da taɓo. A cikinsa ne na ke tara shafukan jarida masu ɗauke da rubutuna tun daga ranar da na gama difloma na kama aiki. Na shanya su a kan tabarma ɗaya bayan ɗaya. Waɗansu sun zama kamar kunu, waɗansu kuwa a na iya karanta su da ƙyar. A nan ne, jama'a, na yi wa kaina tambayar da ban taɓa yi ba: in an ce in tsamo uku kawai daga cikin wannan tuli, waɗanne zan tsamo?

Abin mamaki, babu ko ɗaya daga cikin labaran da su ka hau shafin farko da raina ya kwanta da shi. Galibinsu jawaban manya ne da alƙaluman asara, kuma ko ban rubuta su ba akwai 'yan jarida ashirin da su ka rubuta. Ukun da na zaɓa duk a can cikin jarida a ka ɗora su, inda mai sauri ba ya kaiwa.

Na farko na rubuta shi ne a 2013. A watan Mayu na shekarar an kafa dokar ta-ɓaci a jihohin Barno da Yobe da Adamawa, a ka kuma katse layukan wayar hannu. Sai ga sana'ar da a ke zaton ta mutu ta farfaɗo. Na sami wani dattijo mai rubuta wa mutane wasiƙa yana zaune da biro da takarda, mata na jiran layi a gabansa, direbobin motocin Kano kuwa su ne su ka zama 'yan aike. Abin da ya fi maimaitawa a wasiƙun nan bai wuce jimla ɗaya ba, watau a shaida wa 'yan'uwa cewa muna raye.

Na biyu game da wata baiwar Allah ce wadda ta gudo daga Bama lokacin da garin ya faɗa hannun 'yan tada ƙayar baya a watan Satumba, 2014. Ba ta fito da komai ba sai 'ya'yanta da sana'ar hannunta, watau ɗinkin hula. Ta nuna mini yadda a ke zana ƙirar a kan farin yadi, sa'an nan a bi ta da allura da zare, ɗinki bayan ɗinki, hula guda ta kan ci makonni kafin ta kammala. Ta ce da ni, "Ɗana, in za ka rubuta, kada ka ce ni 'yar gudun hijira ce kawai. Ka ce mai ɗinkin hula ce daga Bama." Haka kuwa na rubuta, kuma tun daga ranar na daina kiran mutum da sunan masifar da ta same shi.

Na uku ya biyo bayan gobarar da ta cinye babbar kasuwar Maiduguri, wadda a ke kira Monday Market, da asubahin Lahadi 26 ga watan Fabrairu, 2023, washegarin zaɓen shugaban ƙasa. Wani mai sayar da atamfa ya shaida mini cewa littafin bashinsa ya ƙone tare da kayan. Amma bayan 'yan kwanaki sai ga waɗansu daga cikin waɗanda ya ke bi suna sallama a ƙofar gidansa, kowa na faɗin abin da ke kansa, alhali babu wata shaida da ta rage. Wannan shi ne labarin da na fi alfahari da shi.

To, amma waiwaye ba daɗi kaɗai ya ke kawowa ba. Akwai wani tsoho maƙwabcinmu da ya sha nuna mini tabon da ruwan 1994 ya bari a jikin katangarsa. Ya kan ce, "Ɗana, zo ka zauna in faɗa maka ta inda ruwa ya shigo da ta inda mu ka fita." Ni kuwa kullum sai in ce, "Baba, sai na sami sarari." Allah Ya yi masa rasuwa kafin in sami sararin. Daren da ruwa ya dawo, mu matasan unguwa ba mu san wace hanya ce tudu ba. Ba na cewa rubutuna zai hana ambaliya, amma da ya rage wa waɗansu ruɗewa. Wannan labarin da ban rubuta ba ya fi duk waɗanda ruwa ya ci yi mini ciwo.

Magabatanmu a wannan aiki sun san darajar ajiye magana. Jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ta soma fitowa a Zariya a watan Janairu, 1939, Alhaji Abubakar Imam na editanta na Hausa. Ya rasu a 1981, amma ya bar tarihin rayuwarsa da aikinsa a rubuce, wanda Abdurrahman Mora ya shirya a ka buga a 1989. A cikin shekarun 1950 kuma Hukumar NORLA ta riƙa buga wa larduna jaridunsu: Himma a Katsina, Sodangi a Kano, Zaruma a Sakkwato, Albishir a Barno. Mai son ya san yadda talaka ya rayu a wancan zamani, irin waɗannan shafuka ya ke nema a ma'ajiyoyi kamar Gidan Arewa da Ma'ajiyar Tarihi ta Ƙasa da ke Kaduna. Da a ce a akwati guda a ka tara su, a gida guda, kamar yadda na yi, da tuni babu su.

Saboda haka ina kira ga 'yan'uwana marubuta, musamman na Barno, da mu yi abu biyu. Na ɗaya, duk abin da mu ka rubuta mu kwafe shi mu ajiye a wuri fiye da guda, mu kuma kai wa ɗakunan karatu. Na biyu, wanda ya fi gaggawa, mu je mu zauna gaban dattawa da matan da su ka ga 1994 da 2024 tun suna raye, mu rubuta ta inda ruwa ya shigo da ta inda su ka fita. Ni dai na sayi sabon littafi, na kuma soma da matar marigayi maƙwabcin namu. Allah Ya jiƙan waɗanda su ka riga mu, Ya kiyaye na gaba. Amin.